Hannun da Takarda Ba Ta Ɗauka

Ɗalibin da ya yi darasin Hausa a babbar sakandare, a Wudil ko a kowane gari na ƙasar Kano, da wuya ya fita bai ci karo da waƙar baka a kan takarda ba, kuma sau da yawa ta Ɗanmaraya Jos ce. A jera masa ɗiyan waƙa layi bisa layi, a ce ya faɗi turke, ya fito da salo, ya zaƙulo karin magana ko habaici. Yana iya cinye wannan jarrabawa tas alhali bai taɓa ganin kuntigi da idonsa ba, bai kuma san yadda ake riƙe shi ba. Laifin ba na ɗalibi ba ne, ba kuma na malaminsa ba. Haka aka shigo da waƙar aji tun farko, murya ta shiga, kayan kiɗa suka tsaya a waje. Amma a kiɗan tsirkiya na Hausa, wato goge da kukuma da garaya da gurmi da molo da kuntigi, hannun makaɗi yana cikin masu ƙera ma'ana, kuma wanda ya kwafe kalmomi ya bar hannun ya tafi da rabin waƙa ne yana zaton ya kwashe duka.

Kunnen Bahaushe ya san haka tun kafin a faɗa masa. Wudil mahaɗa ce: titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ta kan gadarta, kimanin kilomita 40 daga birni, kogin da ruwan Kano da na Challawa suka haɗu suka yi ya bi ta gefenta ya nufi Haɗeja, ranar Juma'a kuma kasuwar shanunta takan tara Fulani da dillalai da fatake da direbobin manyan motoci masu lodin Kudu. Inda direbobi suka taru kuwa kiɗa ba ya yankewa. Da kaset ne, yanzu memori da waya. A irin wannan wuri, in aka saki tsohon faifan kukuma, dattijon da ya yi samartakarsa a shekarun 1970 ba ya jiran mawaƙi ya buɗe baki kafin ya ce wannan Garba Supa ne, ko Hassan Wayam, ko Ali Makaho. Jan izga kaɗan ya ishe shi, alhali kayan kiɗan iri ɗaya ne, ƙoƙo da fata da gashin doki. To, da me ya gane? In ka tambaye shi zai ce ai hannunsu ba ɗaya ba ne, wannan nasa ya fi zaƙi, wancan nasa ya fi zafi. A nan bayanin ke tsayawa. Sanin cikakke ne, kalmomin faɗarsa ne suka yi ƙaranci.

Tushen maganar yana cikin ginin harshen kansa. Hausa tana da karin sauti: gaɓa kan hau sama, ko ta sauka ƙasa, ko ta faɗo daga sama, kuma wannan hawa da sauka na iya raba kalma da kalma. Kuka na yaro da kuka ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, haka wuya na raƙumi da wuya ta rayuwa. Kari ne kaɗai ya raba su. Rubutun bokon da muke amfani da shi, wanda aka sa wa baƙaƙe masu lanƙwasa a shekarun 1930, ba ya nuna kari, ba ya ma nuna tsawon wasali (a wannan na biyun ajami ya fi shi adalci, domin yana nuna ja). Mai karatu ne ke mayar da abin da aka cire, daga cikin kansa. Tsirkiya kuwa ba ta da baƙi ko ɗaya, ba ta iya furta ba ko ka. Abin da ta mallaka shi ne hawa da sauka da tsawo da gajarta, wato daidai abin da alƙalami ya zubar. Ba cewa ake karin waƙa kullum yana bin karin magana sau da ƙafa ba. Mawaƙi kan lanƙwasa kalma in rauji ya buƙata. Amma yana bin sa gwargwadon da in makaɗi ya maimaita da yatsu layin da aka rera, mai sauraro zai ji kalmomin a kansa ba tare da an sake furta su ba. Takarda da tsirkiya kowace ta riƙe ɓangare ɗaya na magana guda, sai muka kira ɗaya adabi, ɗayar muka ce ai kiɗa ne kawai.

Al'ada ta daɗe da gini a kan wannan, take kuma shi ne shaida. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, mahauta da maƙera da manoma na da nasu, ana kaɗa su ba a rera komai ba, mai shi ya ji ya zabura. An fi kawo misali da kalangu, amma tsirkiya ma tana yi. Garaya tun asali ta maharba ce, da ita ake zuga su. A bori, inda goge da garaya ne manyan kayan kiɗa, kowanne daga cikin iskoki da kiɗansa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗangaladima daban, na Malam Alhaji daban, makaɗin da ya cakuɗa su kuwa ya ɓata taro ko da muryarsa ta fi ta kowa. Ba sai mutum ya yarda da bori ko ya so shi ba kafin ya ga abin da wannan ke nunawa: jama'a sun yi ittifaƙi cewa jerin sauti kaza daga tsirkiya ɗaya wane yake nufi, ba wane ba, sun kuma riƙe wannan a ka, kaka da kakanni, ba rubutu. Abin da ke iya kiran suna ya riga ya shiga sahun magana.

Sai a matso a dubi hannun. Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, aka soke shi da sanda, aka ɗaura masa tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, silli da yawa a haɗe, ta hau kan ɗan itacen da ake kira jaki ta miƙe zuwa ƙarshen sandar. Kukuma ƙanwarsa ce, ta fi shi ƙanƙanta da kaifin murya. Kafin a fara, makaɗi kan goga ƙaro a izga da tsirkiya don su kama juna. In fata ta saki, kamar yadda take yi da damina ko a gari mai raɓar kogi irin Wudil, sai ya kai ta rana ko ya nuna mata wuta nesa-nesa, yana ƙwanƙwasawa da yatsa har ta dawo. Ya ɗan tura jaki gaba ko baya, ya ja, ya saurara, ya gwada da maƙogwaronsa, domin da muryarsa yake daidaita abin, ba da wani ma'auni na waje ba. Sa'annan aiki ya fara. Hannun hagu na riƙe da sanda, yatsu na shawagi a kan tsirkiya. Ba sa danne ta har ta taɓa itace, taɓa ta kawai suke yi tana rataye a iska, kuma babu wata alama a jikin sandar da za ta ce ga inda sauti kaza yake. Kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba kunne zai kama ta. Hannun dama kuma na auna nauyin izga: in ya danna da yawa sauti ya shaƙe, in ya sassauta da yawa sai shuu, ba murya. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan siririn wuri inda goge ke yin abin da Hausawa ke ce wa kuka, kuma a nan gwani ke zama dare guda, yana waƙa, yana lura da masu rawa, yana ba mai kalangu ko masu ƙwarya alamar sauyi da kafaɗa ko da ido.

Kuntigi ya fi wannan talauci a ido: gwangwanin kifi, fatar akuya, 'yar sanda, tsirkiya ɗaya. Da shi Adamu Wayya, wato Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a watan Yunin 2015, ya yi rayuwarsa yana tsayawa gaban taro shi kaɗai. Kaɗaicin nan abin lura ne. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata suna da 'yan amshi, kuma amshi ba ado ba ne: yayin da ake maimaita gindin waƙa, jagora na shan iska, yana shirya ɗan da zai saka a gaba. Ɗanmaraya ba shi da su. Kuntigin ne ɗan amshinsa, shi ke riƙe masa lokaci, shi ke cike gurbin numfashi. A waƙoƙinsa masu labari, inda yake sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaciya, kiɗan ne ke ɗinke muryoyin su zama zance guda. Akwai kuma abin da takarda ba ta da hanyar nunawa sam. Layi guda na nasiha, in aka ɗora shi kan kiɗa mai sauri mai tsalle-tsalle, ya zama zolaya. In aka ja shi, aka bar tsirkiya ta ɗan yi shiru kafin kalmar ƙarshe, ya zama gargaɗi. Ɗalibin da aka tambaya ko mawaƙi da gaske yake ko gatse yake yi, an tambaye shi abin da amsarsa ke cikin faifai. Haka abin yake ga Haruna Uji na Haɗeja, can gangaren wannan kogi da ya wuce ta Wudil. Kalmomin waƙoƙinsa na soyayya in an shimfiɗa su a takarda masu sauƙi ne, wasu ma a ce ba su taka kara sun karya ba. Begen da mutane ke ji a cikinsu rabinsa daga gurmin yake fitowa, daga yadda tsirkiya ɗaya ke riƙe ƙasa yayin da ɗayar ke bin murya.

Wani zai ce, me za a yaba a abu mai tsirkiya ɗaya ko biyu, ga jita mai 6? Amsa mafi kyau tana wurin masu jitar da kansu, musamman na kiɗan karkarar Amurka da ake kira kantiri, wanda kaset-kaset ɗin Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton suka shigar shaguna da motocin Nijeriya. Masu wannan kiɗa ba da yawan sauti suke alfahari ba. Da yawan waƙoƙinsu a kan haɗin sauti 3 suke tafiya daga farko har ƙarshe. Abin da suke yabawa shi ne rabon aiki tsakanin yatsu. Maybelle Carter, wadda aka fara ɗaukar kiɗanta da na danginta a garin Bristol a 1927, ta yi suna ne da fitar da karin waƙa da babban yatsa a kan tsirkiyoyi masu kauri, yatsan nuni kuma na sharar sirara yana riƙe lokaci, har mutum ɗaya ya yi aikin biyu. Merle Travis, ɗan yankin haƙar kwal na Kentucky, ya juya tsarin: babban yatsa na kai da komo a ƙasa ba tsayawa, yatsan nuni na rera kari a sama. Chet Atkins ya ji shi a rediyo, ya ƙara yatsu a kai. Duk wannan ita ce matsalar da mai gurmi ko mai molo ke warwarewa kullum, yadda hannu ɗaya zai riƙe ƙasa da sama lokaci guda. Zumuncin kuma ya wuce na kama. Banjo, ɗaya daga iyayen kiɗan kantiri, bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙera ta a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17, da duma da fata da sanda, bisa ƙirar dangin kayan kiɗan da molo da gurmi ke ciki, kuma da ita Maybelle ta fara kafin ta kama jita. Ali Farka Touré na Mali da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya ya fara, ya kwashe abin da ya koya ya zuba a jita, faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994 ya ci kyautar Grammy. Ƙarancin tsirkiya ƙara wa hannu aiki yake yi: mai jita yana da ƙarafuna a wuyan kayansa da ke yanka masa sauti daidai, mai goge kuwa sai ya nemo kowane sauti da kansa duk lokacin da ya buƙace shi.

Inda masu kantiri suka sha gabanmu a baki ne. Sun raɗa wa abin suna. Salon Maybelle da sunan gidansu ake kiransa, na Travis da sunansa, kuma suna riƙe da salsalar hannu yadda malamanmu ke riƙe da ta karatu: Travis ya ɗauka daga Mose Rager da Ike Everly, salon kuma ana kai asalinsa ga Arnold Shultz, wani baƙar fata da ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba, amma sunansa bai ɓace ba. Ko a can ma adalcin bai zo da wuri ba. Makaɗan da suka yi wa faya-fayen kantiri na birnin Nashville kiɗa a shekarun 1950 da 1960 yawanci ba a rubuta sunansu a jikin faifai, sai a 2006 aka buɗe wa irinsu gidan tarihi a birnin. Mu kuwa arzikin kalmominmu gefe guda ya karkata. Nazarin waƙar baka, wanda malamai irin su Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa wa tsari, ya ba mu turke da tubalansa, gindi da ɗiya, jagora da karɓi, zuga da zambo da habaici. Aiki ne babba, ba don shi ba da ba mu da abin farawa. Amma in aka zo kan kiɗa, yawancin kundayen ɗalibai sai su lissafa kayan da yadda ake haɗa su, su ce waƙar na tafiya da kukuma da kalangu, su wuce. Ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, da littafin Jacqueline DjeDje na 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagwamba, sun matsa kusa da kayan kiɗan, sai dai da Turanci suke, ba su shiga bakin mai sauraro ba.

Dalilin wannan giɓi ba sai an je nesa ba, kara ta Wudil, wato kasuwar shanunta, ta isa ta bayyana shi. Dillalin shanu ba ya cewa saniya kawai. Yana da bunaji da rahaji da bokolo, yana da karsana da maraƙi da bijimi, ya duba haƙori ya faɗi shekaru, ya dafa tozo, ya kalli tafiya, kuma duk abin da ya gani yana da kalmar da zai faɗa wa mai saye, domin la'adarsa a kan wannan rarrabewa take. Kalmomi na yawaita ne inda kuɗi ke bin bambanci. A sana'ar kiɗa kuwa suna kuɗi ke bi. Makaɗi a tsarin Hausa maroƙi ne. Abin da ubangida ke biya shi ne a ambace shi, a ambaci iyayensa da kyautarsa, a yi wa abokin hamayyarsa zambo. Liƙi ya fi sauka lokacin da aka kira suna, don haka kunnen mai biya da na 'yan kallo duka suka saba da jiran kalma. Ga shi kuma sana'ar ba ta cikin waɗanda ake tinƙaho da su. Wanda ya gaje ta a gida ya koya, ta kallo da kwaikwayo da tsawa, wanda bai gada ba kuwa ba ya son a gan shi yana yawan tambaya a kanta. Sanin ya zauna a yatsu, bai sami dalilin fitowa baki ba.

Sukar da ta fi ta ƙarancin tsirkiya nauyi ita ce ta maimaici: ai abu ɗaya ake ta kaɗawa daga farko har ƙarshe. Gaskiya ne zagaye ne gajere ake komawa kansa. Amma wanda ya ce bai ji komai na sauyawa ba, iyakar kunnensa ya faɗa. Gwani kan tsallake sauti guda da kunne ke jira, ya bar mai rawa ya cike gurbin da ƙafarsa. Yakan jinkirta shiga da ƙiftawar ido, ko ya raba sauti ɗaya gida biyu, ko ya zame daga wannan zuwa wancan maimakon ya yi tsalle. Yakan haura can sama in fili ya yi zafi, ya dawo ƙasa in za a kira suna don kada ya danne murya. Masu rawa sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa ake cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ba a yin irin wannan karin magana a kan kiɗan da ba ya motsi. Kukumar biki tana da dogayen wurare da babu waƙa ko kaɗan, ita da kalangu ne kawai, kuma a nan fili ke cika. Kamewa ma gwaninta ce. Makaɗin da ya iya zuba goma ya zuba biyu saboda mawaƙi na tsakiyar magana ya fi wanda ya baje duk abin da ya iya tun a buɗin fage.

Akwai kuma mai cewa fifita magana a kan kiɗa shi ne ainihin ɗabi'ar Bahaushe, kuma ba aibu ba ne: Shata da kalangu kawai ya mamaye ƙasa, waƙoƙin masu jihadi da na su Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja ba su nemi kayan kiɗa ba, mai neman a saurari kiɗa zalla kuwa ɗanɗanon wasu yake son ɗora mana. Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma ba na jin akwai amfani a mayar da goge abin zama a kujera a yi tsit ana kallo. Sai dai raba kiɗa da waƙa shi ne ma abin da ake kuka da shi, kuma takarda ce ta raba, ba makaɗa ba. Rubutacciyar waƙa tana ɗauke da awonta a jikinta, bahari da amsa-amo, shi ya sa take tsayawa a takarda da ƙafarta. Waƙar mai kuntigi awonta a tsirkiya yake. In an kwafe ta sai layukan su fito wani dogo wani gajere, har mai karatu ya zaci mawaƙin bai iya awo ba, alhali giɓin da ya gani a gajeren layi hannu ne ya cike shi. Mai son magana shi ya fi cancanta ya damu, domin maganar ce ake yi wa gurguwar fahimta.

Batun addini ba a tsallake shi, balle a ƙasar Kano. Malaman Malikiyya da dama sun hana sauraren kayan kiɗa masu tsirkiya, Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta yi hani ga sauraren kaɗe-kaɗe, jagororin jihadin 1804 sun soki kiɗan fada da bori, goge kuma ya sha suka fiye da kowa saboda wuraren da aka saba jin sa, dandalin bori da gidajen mata masu zaman kansu. Hukunci na masu shi ne, ba fatawa ake bayarwa a nan ba. Abin lura dai shi ne wannan ƙyama tana cikin dalilan da suka sa kwafe kalmomi ya yi wa kowa daɗi: waƙar da aka raba da gogenta ta zama nasiha ko tarihi ko hikima, ana iya shiga da ita aji ba kunya. Kuma bayyana yadda abu yake daban ne da halatta shi. Malaman da suka hana tsirkiya ba su taɓa cewa ba ta da tasiri ba. Saboda abin da take yi wa zuciya suka hana. A wannan gaɓa su da makaɗa bakinsu ɗaya, manazarcin da ya ɗauki kiɗa a matsayin ɗan rakiya shi ne ya fita daban.

Zamani kuma ya kawo tasa hujjar, cewa ai abin ya wuce. Tun ƙarshen shekarun 1990, da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyano ƙirar Yamaha don waƙoƙin fim, kiɗan biki ya koma hannun na'ura da sifika, matasa kuma ba su yi kuka ba. Mutum ɗaya da kwamfuta ya fi ƙungiyar makaɗa araha, kuma na'ura fatarta ba ta saki da damina. An yi waƙoƙi masu daɗi ta wannan hanya, buga fiyano ma hannu yake so. Amma tsarin aikin ya juye. A situdiyo kiɗa ake fara shimfiɗawa, da gudunsa wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, mawaƙi ya zo ya hau. Kalma ce ke lanƙwasawa ta shiga kiɗa, kuma mai kunnen Hausa kan ji inda aka murɗe karin wata kalma, ko aka ja wasalin da ba ya jawuwa, don layi ya cika. Tsirkiya a hannun mawaƙi jiransa take yi: in ya ƙara gaɓoɓi a layi sai ta saurara masa, in wani babba ya shigo fili ya sako sunansa sai ta buɗa masa wuri. Zancen cewa matasa ba sa son jin hannu kuwa, Nijar ta ƙaryata shi. Masu jitar Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a bukukuwan aure da kaset da memorin waya suka fara suna kafin su kai Turai da Amurka, kuma da yawan masu sauraronsu ba sa jin harshen Abzinawa ko kalma ɗaya.

Gyaran ba ya buƙatar a ƙirƙiro kalmomi a ofis a raba wa mutane. Kalmomin da kwamiti ya haifa ba su cika daɗewa ba. Makaɗan da suka rage suna da abin da suke ce wa yaransu in sun yi daidai ko sun kauce, kuma daga nan ya kamata a ɗebo. Gidajen rediyon Kaduna da Kano sun yi shekaru suna ɗaukar waɗannan makaɗa, faya-fayen garmaho da kaset na hannun mutane, wasu sun hau intanet. Aikin shi ne a zaunar da mai kukuma gaban tsohon faifai, a tsayar a wuri kaza, a ce me ya yi nan, da wane yatsa, wa kuka fara ji yana yin haka, a rubuta amsar da Hausar da ya faɗe ta, a ɗauki hoton hannunsa yana maimaitawa. Ɓangaren awo kuwa bai fi ƙarfin jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil tun 2001 ba, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Manhajar da ke zana hawa da saukar sauti kyauta ake samunta, da ita kuma za a iya ɗora layin murya a kan na tsirkiya a ga inda suka tafi tare, inda tsirkiya ta riga, da inda mawaƙi ya yi shiru ita ta ƙarasa masa jimla. Littafin waƙar baka na gaba, ko da bai iya ɗaukar sauti ba, yana iya sa alama a gefen layi mai nuna cewa a nan murya ta tsaya na bugu 4, kuntigi ya amsa.